Haɗa Keke Daga Firam Sai Da Haƙuri

Da yawa cikin 'yan'uwanmu mazauna Kurmi ba su da ƙarfin sayen sabon keke, sai su sayi tsuran firam, su riƙa tara kayansa kaɗan-kaɗan. Dabara ce, amma sabon shiga ya lura.

Kafin ka biya, duba ko firam ɗin ya tsage ko ya lanƙwashe. Fara da wuya da mazaunin feda, ka cika boris da giris, sannan ƙafafu, sarƙa da birki. Fedar hagu kuwa baibai ake ɗaure ta. Wanda ya tilasta mata zai lalata ramin, kuɗinsa sun tafi ke nan.

In ka gama, mai gyara ya gwada maka birki kafin ka hau titin Ikko. Ba a sayen rai a kasuwa.