Na'urar da Aka Ce Tana Karanta Zuciya, da Hannun Kawuna

Wani saƙon murya ya yi ta yawo a wayoyin mutane a ƙasar Dakoro, har ya iske mu a Korahane muna hira bayan la'asar. Mai maganar ya rantse cewa Turawa sun ƙera wata ƴar na'ura mai karanta duk abin da mutum ya raya a zuciyarsa, kuma wai ta allurar rigakafi za a shigo mana da ita. Aka yi ta salati. A gefenmu kawuna na zaune kan tabarma, hannunsa na dama ajiye a cinya kamar ba nasa ba, wata biyar ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Shi tuni an gama yanke hukunci a kansa: iska ce ta buge shi a hanyar rijiya.

Maganar na'urar tana da tushe. A watan Janairun 2024 kamfanin Neuralink na Elon Musk ya dasa wa wani Ba'amurke, Noland Arbaugh, na'ura a kai. Jikinsa ya shanye daga kafaɗa zuwa ƙasa bayan hatsari a ruwa, ga shi yanzu yana juya kibiyar kwamfuta ba tare da ya taɓa komai ba. Amma sai da likitoci suka huda ƙoƙon kansa, aka soka zarurruwa 64 da ba su kai kaurin gashi ba a cikin ƙwaƙwalwa. Babu allurar da za ta yi wannan aiki ta damtse. Wanda ya hana ɗansa rigakafin ƙyanda saboda wannan saƙo ya cuci yaron a banza.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar karanta zuciya. Na'urar ba ta jin sirri, ba ta san wa kake ƙi ba, ba ta san bashin da ke kanka ba. Abin da take saurare ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma an daɗe ana bincikensa.

A 1982 Apostolos Georgopoulos da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins suka koya wa birai miƙa hannu zuwa kusurwa takwas, suna sauraron ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya a sashen da ke tafiyar da motsi. Kowace ƙwaya tana fitar da ɗan tartsatsin lantarki. Sai suka lura kowace na da gefen da ta fi so: wannan ta fi ƙyastawa in hannu zai nufi dama, ta sassauta in ya karkata, ta kusa yin tsit in ya nufi hagu. Sai dai ƙwaya guda ba ta isa ta gaya maka inda hannu zai je ba. A 1986 suka nuna cewa in an tara muryoyin ƙwayoyi da yawa a lissafi, amsar sai ta fito.

Ka tuna amalanke da ta kafe a rairayi da buhunan hatsi. Samari goma sun kama igiyoyi, wannan yana ja ta gabas da ƙarfinsa duka, wancan ya ɗan karkata arewa, wani riƙe kawai yake yi. Amalanken ba ta bin kowa shi kaɗai, inda jimlar ƙarfinsu ta rinjaya nan take nufa. In ka san gefen da kowane yaro ya tsaya da yawan ƙarfin da ya sa, za ka faɗi inda za ta nufa tun ba ta motsa ba. Aikin kwamfuta ke nan. Ko ka ɗauki mutumin da ke bayan katangar filin kokowa ranar gasar takobi. Daga ihun jama'a zai gane ɓangaren da ya yi kaye, amma ba zai taɓa jin abin da wani ɗan kallo ya raɗa wa maƙwabcinsa ba. Ƙwaƙwalwar mutum na da ƙwayoyi kimanin biliyan 86, na'urar kuwa ƴan ɗaruruwa take saurare in ta yi yawa. Kuma sai mai ita ya zauna ya koya mata: ya riƙa raya cewa yana kai hannu dama, kwamfuta na rubuta yadda ƙwayoyinsa suka amsa, gobe ma a sake daidaitawa.

A 2012 Mark Churchland da Krishna Shenoy na Jami'ar Stanford suka ƙara da cewa ƙwayoyin suna aiki ne da kari, wata ta tashi wata ta sauka, suna zagayowa. Duk wanda ya ga mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya ga misalinsa: ba taɓarya guda ce ke yin gari ba, karɓa-karɓar ce.

A 2012 ɗin kuma aka bayyana labarin Cathy Hutchinson, a binciken BrainGate na Jami'ar Brown. Kusan shekara 15 tana shanye, ba hannu ba magana, kuma cutar da ta kwantar da ita irin ta kawuna ce. An dasa mata ɗan faranti mai allurai 96, bai kai ƙwayar wake ba. Ta raya miƙa hannu, hannun ƙarfe ya ɗauko gorar gahawa ya kai mata baki, ta sha. Bayan duk shekarun nan, ƙwayoyin da ke ba da umarnin motsi suna nan suna magana. Hanyar saƙon ce ta yanke.

Wannan shi ne abin da nake so a ji a Korahane. Ba abin da ya taɓa hannun kawuna a hanyar rijiya. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a gefen hagu na ƙwaƙwalwarsa, shi ya sa dama ta faɗi, domin kowane gefe ɗaya ɓarin yake riƙe da shi. Babban mai jawo haka hawan jini ne, wanda ake aunawa cikin minti biyu da abin da ake ɗaurawa a damtse. Kawuna bai taɓa aunawa ba, kuma ban ga an matsa wa dattawanmu a kan awon ba kamar yadda ake shelar wasu abubuwa a rediyo. Watannin farko, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin buɗe sabuwar hanya in ana motsa hannun kullum, sun tafi a hayaƙi da rubutun sha. Addu'a ba ta hana awo, ba ta hana atisaye.

Yanzu da safe jikarsa kan ajiye masa ƙoƙo da ƴan tsakuwoyi a gabansa. Yana kallon hannun, goshinsa na tsattsafo da gumi, yatsun na rawa kafin su rufe. Ranar da na baro garin ya jefa huɗu a ƙoƙon, ta biyar ta kuɓuce masa, yarinyar ta ɗauko ta mayar masa a tafin hannu.