Bulalar Fata ta Omdurman

Birni a bakin kogi

A ƙasar Sudan akwai wurin da koguna biyu suke gamuwa. Ɗaya sunansa Farin Nilu, ya taso daga kudu. Ɗayan kuma Shuɗin Nilu, ya gangaro daga duwatsun Habasha. Idan suka haɗu sai su zama kogi guda, wato Nilu, wanda ya miƙe arewa har Masar. A wannan mahaɗa ne birnin Hartum yake. A tsallaken ruwa, daga yamma, akwai birnin Omdurman.

A da Omdurman ƙaramin ƙauye ne. Ya bunƙasa tun daga shekarar 1885, lokacin da Mahadi da jama'arsa suka ci Hartum, suka mai da Omdurman babban birninsu. Masu sana'a suka taru can daga ko'ina: maƙera, masassaƙa, majema da dukawa. Babbar kasuwar birnin ta yi suna wajen kayan fata, kamar takalma, jakunkuna, kube da bulalu. A arewacin birnin akwai wata babbar unguwa da ake kira Alsawra. An raba ta shiyya-shiyya, kowace da lambarta.

Hausawa ba baƙi ba ne a Sudan. Tun kafin zuwan mota da jirgin sama, alhazai sukan bi ta can a ƙafa zuwa Makka. Waɗansu sukan zauna, su yi noma ko sana'a. Bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a masu yawa zuwa gabas. Sun kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, sunansa Mai Wurno. Saboda wannan tsohuwar hanya, baduku na Damagaram ko na Kano da ya shiga rumfar takwaransa na Omdurman zai gane yawancin kayan aikin da ke ciki.

Bulala iri biyu

Iri na farko ana yin sa da fatar dorina. Fatar dorina tana da kauri ƙwarai, a wani wuri takan kai santimita 5. Akan yanko tsiri guda mai tsawo, a shanya shi ya bushe. Sai a fere shi da wuƙa, gindi ya yi kauri, baki ya yi siriri. Daga nan a jiƙa shi da mai don ya yi laushi. Wannan bulala ba a kitsa ta, fata guda ce daga gindi har baki. Mutanen Sudan suna kiranta sot al-anaj. Hausawa kuwa suna ce mata dorina, sunan dabbar da ta ba da fatar. Haka abin yake a harshen Suwahili: kalmar kiboko tana nufin dabbar, tana kuma nufin bulalar.

Iri na biyu ita ce kitsattsiyar bulala. Ana yin ta da fatar sa, ko ta raƙumi, ko ta akuya. Akan yanka fatar sili-sili, sa'an nan a kitsa silin kamar yadda ake kitson gashi. Wannan ita ce ta fi cin lokaci, ita ce kuma ta fi nuna gwanintar baduku.

Su wa suke riƙe ta?

Mahayan raƙuma da na dawaki suna riƙe bulala. Amma a Sudan ta fi fitowa fili ranar biki. Ango yakan fito da fararen tufafi, yana riƙe da bulala ko takobi. Mata suna kaɗa wani ƙaramin ganga mai suna dalluka, suna guɗa. Maza suna shiga fili suna rawa, suna ɗaga sanduna da bulalu sama.

A wajen waɗansu ƙabilu na bakin Nilu, kamar Ja'aliyawa na yankin Shandi, akwai wata tsohuwar al'ada da ake kira buɗan. Saurayi yakan tuɓe rigarsa, ya tsaya a tsakiyar fili. Ango ya zuba masa bulala a baya. Saurayin ba ya motsi, ba ya ɓata fuska, domin ya nuna jaruntaka, ya kuma girmama angon. Abin ya yi kama da sharon Fulani. Bambancin shi ne, a sharo da tsumagiya ake duka, a buɗan kuwa da bulalar fata. Wasan yana barin tabo, wani lokaci har da mummunan rauni. Shi ya sa mutanen birni da yawa suka bar shi. A bukukuwansu bulala ta zama abin ado da rawa kawai.

Daga majema zuwa rumfar baduku

Aikin bulala yana farawa tun daga majema. Ɗanyar fata tana ruɓewa, busasshiya kuma tana karyewa. Sai an jeme ta take yin laushi, ta daɗe.

Majemi yakan jiƙa fatar cikin ruwan toka ko na farar ƙasa har gashin ya saki. Sai ya kankare gashin da sauran naman da ya manne. Ya wanke ta sarai. Daga nan ya tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa. Bagaruwa ita ce sirrin jima, a ƙasar Hausa da Sudan duka. Can ana kiranta garad. Fatar akuya takan jemu cikin ƴan kwanaki, amma ta sa tana daɗewa saboda kaurinta. Idan ta jemu sai a shafa mata mai, a shanya ta a inuwa.

Baduku ba ya ɗaukar kowane sashe na fata. Yana zaɓen wajen gadon baya, domin nan ne ya fi ƙarfi. Wajen ciki yana da taushi, yana kuma miƙewa idan an ja shi. Bulalar da aka yi da shi ba ta jimawa sai ta saki.

Yanka da kitso

Bulala takan fi fatar da aka yi ta da ita tsawo. To, ina baduku yake samun dogon sili? Ga dabarar. Yana fara yanka daga gefen fatar, yana zagayawa, yana shiga ciki sannu-sannu, kamar mai fere lemo. Da haka fata guda take ba da sili mai tsawon mita da yawa.

Wuƙar tilas ta kasance da kaifi, hannu kuma kada ya yi rawa. Kowane sili yana da faɗi a wajen gindi, yana raguwa har zuwa baki. Idan wuƙa ta goce ta ci sili a wani wuri, to nan ne bulalar za ta tsinke wata rana a tsakiyar fili, mai ita ya ji kunya, baduku kuma ya rasa mai saye. Bayan yanka sai a rage kaifin gefen silin, a shafe su da mai, a ja su da ƙarfi don su gama miƙewa tun kafin kitso.

Kafin a fara kitso akan shirya abin da zai zauna a tsakiya. Shi ne murɗaɗɗiyar fata mai kauri a gindi, siririya a baki. A kanta ake kitsa silin, su rufe ta ruf. Baduku yakan ɗaure gindin a jikin turke, ko ya maƙale shi da babban yatsan ƙafarsa, domin hannuwansa biyu su sami damar aiki.

Kitso mafi sauƙi shi ne na sili 4, biyu a dama, biyu a hagu. Baduku yana ɗaukar silin ƙarshe na dama, ya zagaya da shi ta baya, ya fito da shi tsakanin biyun hagu, ya komo da shi dama. Sai ya ɗauki na ƙarshe na hagu, ya yi masa haka nan. Dama, hagu, dama, hagu, har ƙarshe. Gwanaye suna kitsa sili 6, ko 8, ko 12. Idan an gauraya ja da baƙi sai zane mai kyau ya fito.

Abin da ya fi wuya shi ne ja. Kowane sili sai an ja shi daidai da ɗan'uwansa. Idan ɗaya ya fi tsauri, bulala za ta karkace. Idan ɗaya ya yi sako-sako, sauran ne za su ɗauki nauyinsa har su gaji. Sili guda yaro ma yana iya tsinka shi, amma takwas da aka kitsa daidai sun fi ƙarfin ƙato. Mai gaggawa ba ya wannan aiki. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan kitso ya ƙare, sai a shimfiɗa bulalar a ƙasa mai santsi, a murza ta da katako har ta mulmule. A naɗe mariƙin da lallausar fatar akuya. A sa masa madauki na rataya a wuyan hannu, a yi masa tuntu don ado. A ƙasar Hausa fatar jar akuya ta Maraɗi da Sakkwato ita ce ta fi suna wajen irin wannan aiki, kuma da karan dafi ake rina ta ja.

Me ya sa bulala take ƙara?

Idan gwani ya kaɗa doguwar bulala a iska, sai a ji fau, kamar harbin bindiga, alhali ba ta taɓa kome ba. Dalilin yana cikin siffarta. Ƙarfin hannu yana shiga ta gindi, ya bi jikin bulalar kamar igiyar ruwa. Gindi yana da nauyi, baki ba shi da nauyi. Duk inda bulalar ta ƙara sirancewa, gudun yana ƙaruwa. Kafin ya kai ƙarshe, bakin bulalar ya fi sauti gudu. Sauti kuwa yana cin kusan mita 340 a daƙiƙa guda, wato fiye da kilomita 1,200 a awa. Wannan gudu ne yake tsaga iska, ƙarar ta fito. Ashe hannun baduku ne yake shirya ƙarar tun ranar da yake yankan sili.

Abin da ya sami sana'ar

Bulala tana da tarihi mai ɗaci. A zamanin bauta da na mulkin mallaka an zalunci mutane da ita. A Kwango, lokacin mulkin Sarki Lewofol na Biyu na Beljiyam, daga 1885 zuwa 1908, an yi ta dukan talakawa da bulalar dorina don a tilasta musu aiki. Bulala ba abin wasan yara ba ce. Bakinta yana iya tsiyaye ido.

Ita ma dorina ta ragu. Tun shekarar 2006 aka sa ta cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, kuma akwai dokoki a kan cinikin fatarta da haƙoranta. A Nijar ana ganin dorina a kogin Isa, wajen Ayoru, inda gwamnati ta keɓe mata wurin kariya a shekarar 2017. Kitsattsiyar bulala ba ta bukatar a kashe dorina, fatar dabbobin gida ta ishe ta.

Sa'an nan ga yaƙi. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, faɗa ya ɓarke a Hartum da Omdurman. An wawashe babbar kasuwar Omdurman, rumfuna da yawa suka ƙone. Miliyoyin mutanen Sudan suka bar gidajensu. Waɗansu ƴan kasuwa suka koma kasuwannin Alsawra, kamar ta Sabrin. A shekarar 2025 faɗa ya lafa a babban birnin, waɗansu suka fara komowa.

Ana iya sake gina rumfa, ana iya sayen sabuwar wuƙa. Amma gwanintar kitso ba a sayen ta a kasuwa. Tana hannun baduku ne, kuma ba ta wucewa sai ga yaron da ya zauna kusa da shi, ya riƙe sili, ya ɓata, ya warware, ya sake.

Kalmomi

bulala: le fouet
dorina: l'hippopotame
fata: la peau, le cuir
majemi: le tanneur
baduku: le maroquinier
kitso: la tresse
sauti: le son

Tambayoyi

1. Waɗanne koguna ne suke gamuwa a Hartum?
2. Mene ne bambanci tsakanin bulalar dorina da kitsattsiyar bulala?
3. Wane amfani bagaruwa take yi wa majemi?
4. Yaya baduku yake samun dogon sili daga fata guda?
5. Me yake faruwa idan ba a ja silin daidai ba?
6. Don me doguwar bulala take ƙara a iska?

Aiki

A samo zare 4 masu kauri, biyu ja, biyu baƙi. A ɗaure su a jikin ƙafar tebur, a gwada kitson sili 4. A gwada na kowa da na maƙwabcinsa, a ga wanda ya fi miƙewa.