BABI NA UKU: MAZAUNIN INJI DA YADDA AKE KULA DA SHI A ƘANANAN MOTOCIN HAYA NA YANKIN SABON BIRNI DA ISA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan wani ƙaramin sashe na mota wanda direbobi ba su cika tunawa da shi ba sai ya mutu, wato mazaunin inji. Za a dubi ma'anarsa da aikinsa, da dalilan da ke sa yake saurin lalacewa a motocin hayar da ke zirga-zirga tsakanin Tsamaye da Sabon Birni da Isa, sannan a kawo alamomin mutuwarsa da hanyoyin kula da shi.

3.1 Ma'anar Mazaunin Inji

Mazaunin inji, wanda makanikai ke kira injin siti, dunƙulen roba ne mai kauri da aka manne tsakanin ƙarafa biyu. Ana ɗaure ƙarfe ɗaya a jikin inji ko giyabos, ɗayan kuma a jikin shasin mota, ta yadda ƙarfe ba zai haɗu da ƙarfe ba sai ta cikin roba. Akwai na roba zalla, akwai kuma mai ruwa, wanda aka yi wa ɗaki a ciki aka cika da wani ruwa mai shanye girgiza.

Motocin farko ana ɗaure injinsu ne kai tsaye a jikin shasi. A shekarar 1931 kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da motar Plymouth wadda injinta ke zaune a kan roba, sai kamfanin Citroën na Faransa ya ɗauki dabarar a 1932, daga nan ta bazu a duniya.

Yawan mazaunai da wuraren da suke ya danganta da kwanciyar inji. Fijo 504, wadda aka harhaɗa a masana'antar PAN ta Kaduna da ta fara aiki a 1975, injinta a tsaye yake daga gaba zuwa baya, yana juya tayoyin baya. Ita kuwa Volkswagen Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991 kuma ta zama motar hayar ƙauyukan wannan yanki, injinta a gicciye yake, yana zaune a kan mazaunai uku: ɗaya a gaba, ɗaya a baya ta hannun dama, na ukun a ƙarƙashin giyabos.

3.2 Aikin Mazaunin Inji

Aiki na farko shi ne ɗaukar nauyi. Inji da giyabos na ƙaramar mota sun haura kilo 100, kuma wajibi ne su tsaya daram a inda aka aje su, domin salansa da tiyon lagireto da sandar giya duk an auna su ne daidai da wannan matsayi.

Aiki na biyu shi ne shanye girgiza. Inji mai fistin 4 yana tashin wuta sau biyu a kowane zagaye guda. Idan yana silo a kan zagaye 800 a minti, ke nan yana bugu sau 1,600 a minti, wato kusan sau 27 a daƙiƙa ɗaya. Robar mazauni ce ke hana wannan bugu isa ga sitiyari da kujeru.

Aiki na uku shi ne riƙe inji lokacin da yake murɗawa. Duk sa'ad da inji ya tura tayoyi gaba, shi kansa yakan yi yunƙurin juyawa ta ɗaya ɓangaren, kuma wannan yunƙuri ya fi ƙarfi a giya ɗaya da ribas.

3.3 Abubuwan da ke Kashe Mazaunin Inji a Wannan Yanki

Abu na farko shi ne zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a ƙasar Sakkwato kan wuce digiri 40, ga kuma zafin injin kansa da na salansa. Roba idan ta daɗe cikin zafi takan bushe, ta yi tauri, ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani.

Abu na biyu shi ne baƙin mai. Galibin waɗannan motoci tsofaffi ne da aka shigo da su bayan sun sha aiki a Turai, saboda haka ba a rasa su da yoyo. Idan mai ya riƙa ɗiga a kan roba, sai ta kumbura ta yi laushi, daga ƙarshe ta rabu da ƙarfen da aka manne ta.

Abu na uku shi ne hanya da lodi. Hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka irin su Tsamaye da manyan garuruwa akasarinsu burji ne da yashi, da damina kuma ruwan fadamun Gulbin Rima kan mayar da wasu wurare taɓo. Motar da aka ƙera don mutum biyar, idan aka cika ta da fasinja da buhunan gero, dole direba ya daɗe a giya ɗaya yana taka totur. Idan ta kafe a yashi sai a yi ta fizgar ta gaba da baya, kowace fizga kuwa mazaunin inji ne ke shan ta.

3.4 Alamomin Mutuwar Mazaunin Inji

Alama ta farko ita ce karkarwar sitiyari da bodi idan mota na tsaye tana silo. Ta biyu ita ce jin bugun ƙarfe, ƙwal, lokacin tashi ko canjin giya ko faɗawa rami. Ta uku kuwa, idan an buɗe bonet za a ga inji ya karkata, ko a ga roba ta tsage, ko mai ruwan ya zubar da ruwansa.

Ya kamata a lura cewa ba kowace girgiza ce daga mazauni take ba. Mataccen fulogi ma yana girgiza mota, amma shi za a ji sautin inji yana tsallake. Don bambancewa, sai a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyi, a sa giya ɗaya a saki kuloci kaɗan, wani kuma ya tsaya daga gefe, ba daga gaba ba, yana kallo. Idan inji ya ɗaga sosai ya faɗo da ƙara, to mazauni ya mutu.

3.5 Hanyoyin Kulawa da Gyara

Hanya mafi sauƙi ita ce a duba mazaunai duk lokacin da aka je juyen baƙin mai, a ƙara ɗaure notin da ya kwance, a kuma toshe yoyo tun kafin ya kai ga roba. Har ila yau, direba ya guji sakin kuloci da ƙarfi, idan ya kafe kuma a sauke kaya a tura maimakon fizga.

Wajen canji, sai a tallafe inji da jak, a sa katako tsakanin jak da kaskon mai don kada ya lotse. Ba a gama ɗaure noti sai an sauke inji ya zauna da nauyinsa. Idan ɗaya ya mutu a duba sauran, domin sun daɗe suna ɗauke da kayan ɗan'uwansu.

Akwai dabaru biyu da akan yi saboda rashin kuɗi ko nisan kasuwar kayan gyara, wato cusa yankin tsohuwar taya a madadin roba, ko kai wa mai walda ya liƙe ƙarafan biyu. Ta farko tana iya kai mota gida, amma ba gyara ba ce. Ta biyun ta fi muni, domin girgizar da roba za ta shanye sai ta koma kan shasi da jikin giyabos har su tsage. Hausawa sun ce wanda ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa: mai motar da ya ƙyashi kuɗin roba zai biya na salansa da tiyo da shaf.

Asarar ma ba ta tsaya ga kuɗi ba. Tiyon lagireto idan ya tsinke a daji, mota ta tsaya ke nan. A yankin da 'yan bindiga suka ƙone mota da fasinjojinta kusa da Gidan Bawa a watan Disamba na 2021, kowane direba ya san abin da tsayawa a hanya ke nufi ga rayukan da ya ɗauko.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa mazaunin inji yana ɗaukar nauyi, yana shanye girgiza, yana kuma riƙe inji lokacin murɗawa. An nuna cewa zafi da baƙin mai da yanayin hanya su ne ke gajarta rayuwarsa a yankin Sabon Birni da Isa, kuma duba shi a kai a kai da toshe yoyon mai sun fi kowane gyara araha. Babi na gaba zai dubi shokazoba da sauran sassan ƙafar mota.