Ajuji, Sunan da Ake Ɓoye Ɗa a Cikinsa

Duk wanda ya tsaya a bakin wata makarantar Islamiyya a unguwar Hayin Banki da ke Kaduna lokacin da malam ke kiran suna, zai ji Aisha da Fatima da Khadija suna ta maimaituwa, har sai an haɗa da sunan uba kafin a san wadda ake nufi. Zai ji Abdurrahman da Usman da Sadiƙu, ga kuma sababbin shigowa irin su Afnan da Ilham da Amir. Wanda da wuya ya ji shi ne Ajuji. Sunan bai mutu ba, amma ya koma bakin tsofaffi, ko kuma ya maƙale a ƙarshen sunan wasu a matsayin sunan uba ko kaka. Da yawa daga cikinmu ta kan marigayi Sanata Ajuji Waziri muka san shi, mijin Farida Waziri wadda ta shugabanci hukumar EFCC daga 2008 zuwa 2011, kuma ba kowa ne ya taɓa tsayawa ya tambayi abin da yake nufi ba.

Ma'anar a fili take. Kalmomi biyu ne aka haɗa, "a" da "juji". Juji kuwa shi ne inda ake tara shara da toka da kashin dabbobi a bayan gida. Ke nan an kira yaro da abin da aka yar a bola. To wace uwa ce za ta sha wahalar ciki wata tara, ta sha naƙuda, sannan ta yarda a kira abin da ta haifa da wannan suna? Amsar ita ce uwar da ta riga ta binne 'ya'ya.

Bahaushe yana ce wa macen da 'ya'yanta ke mutuwa a jere suna ƙanana mai wabi. Ta haihu, a yi suna, jariri ya yi wata biyu ko shekara, ya koma. Ta sake haihuwa, a sake yin haka. A tunanin mutanen da, mutuwar da ta bi gida ɗaya sau uku ko huɗu ba za ta rasa dalili ba. Wasu sun ɗauka iskoki ne ko mayu suka sa wa 'ya'yan matar ido. Wasu sun ɗauka ɗa guda ne ke zuwa yana komawa, shi ake kira ɗan wabi. Ko wanne mutum ya ɗauka, dabarar ɗaya ce: abin da ke ɗauke yaran nan mai daraja yake nema, don haka sai a nuna masa cewa wannan na yanzu ba shi da wata daraja.

Daga nan al'adar ta fito. Idan mai wabi ta haihu, sai wata tsohuwa ta ɗauki jaririn ta kai shi kan juji ta ajiye, kamar an yar da shi. Ba a barin sa ya daɗe. Nan take wata za ta ɗauko shi a matsayin tsintuwa, ta maido shi ɗaki. Daga ranar ya zama Ajuji. Duk lokacin da aka kira shi, ana sake shaida wa mai saurare na ɓoye cewa babu abin ɗauka a nan.

Ajuji ba shi kaɗai ba ne, dangi gare shi, kuma idan aka jera su za a ga sun kasu gida biyu. Akwai masu nuna ko-in-kula: Ayashe, wato a yashe ta, da Ajefas, da Bawa, wanda a wasu gidaje ake sa wa ɗan wabi don a nuna kamar ba ɗan gida ba ne. Akwai kuma waɗanda roƙo ne tsagwaronsa: Abarshi, Abarta, Barmani, Barau. A kashin farko uwa tana ɓoye son da take yi wa ɗanta. A na biyu ta kasa ɓoyewa, ta fito tana cewa a bar mata wannan. Ni dai ban san wasu sunaye a Hausa da suka kai waɗannan nauyi ba. Mai jin Ajuji a karon farko zai iya ɗauka wulakanci ne, alhali da wuya a sami ɗan da aka fi lallaɓawa a gida kamar mai wannan suna.

A nan akwai abin da ya kamata a fahimta kafin a yi maganar yawan masu sunan. Ajuji ba sunan yanka ba ne. Ranar bakwai, idan aka taru da safe aka raba goro, liman ya yi addu'a, aka yanka rago, wanzami ya yi aski, sunan da ake sanarwa Muhammadu ne ko Abdullahi ko Hauwa'u. Ajuji laƙabi ne da mata ke sawa a cikin gida, kamar yadda suke kiran wanda aka haifa bayan mata Tanko, wadda aka haifa bayan maza Kande, mai bin tagwaye Gambo, wanda ya zo ranar Lahadi Ɗanladi. Abin da ke ba laƙabi ƙarfi shi ne alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kuma faɗin sunan yaron da ya ci sunan surukinta. Tunda sunan yanka ba ya fita daga bakin uwa, laƙabin ne ke yawo, har ya bi mutum zuwa kasuwa da wurin aiki, wani lokaci ya zama sunan da jikokinsa za su rubuta a takarda.

Ba Hausawa kaɗai suka san wannan tsoro ba. Yarabawa suna kiran irin wannan yaro abiku, suna sa masa Kokumo ko Malomo, masu nufin wannan ba zai mutu ba, ko kada ka sake tafiya. Ibo suna cewa ogbanje, suna da Onwubiko, wanda roƙon mutuwa ne ta yi haƙuri. A gari irin Kaduna, wanda ya tara ƙabilu tun da Turawa suka maido hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, ana iya samun Ajuji da Malomo a layi ɗaya, kowanne bai san cewa labarin sunansu guda ne ba.

To me ya sa sunan ya yi ƙaranci? Dalili na farko wa'azi ne. Kaduna ce ta kasance cibiyar karatun Sheikh Abubakar Gumi, wanda ya yi shekaru yana tafsiri a Masallacin Sultan Bello ana watsawa a rediyo, sannan aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Saƙon da ya shiga gidaje shi ne rai da mutuwa a hannun Allah suke, kuma kai jariri juji don a yaudari iska camfi ne. Malamai na kowane ɓangare sun kuma riƙa tunatar da cewa Annabi (SAW) ya canza wa wasu sahabbai sunaye marasa kyawun ma'ana, kuma kyakkyawan suna haƙƙin ɗa ne a kan ubansa. Matar da ta yi Islamiyyar matan aure ba za ta bar kaka ta fita da jaririnta bayan gida ba.

Na biyu takarda ce. Katin asibiti, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, rajistar firamare, lambar NIN, duk sunan yanka suke nema, kuma wanda aka rubuta shi ke bin yaro. Wannan ne ma ya sa lissafin masu laƙabi irin wannan yake da wuya, domin ko a da can ba a cika rubuta shi ba. Ita kanta alkunya ta canza kaya. Uwar yau tana sakaya suna da Walid ko Amira ko Ummi ko Abba. Ga kuma zaman birni: a gidan haya na Hayin Banki ko Kawo, inda ɗaki ke manne da ɗaki, babu juji irin na ƙauye da ake tara taki don gona, sau da yawa kuma babu kaka a kusa da za ta tsaya kan al'adar.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi damuna, domin rabinsa kawai ya tabbata. Ya kamata a ce sunan ya ɓace ne saboda wabi ya ƙare. An sami sauƙi, babu musu. An kawar da agana daga duniya tun 1980, rigakafin ƙyanda ya ceci yara masu ɗimbin yawa, allurar da ake yi wa masu ciki ta rage ciwon sandarewar jiki da ke shiga jarirai ta cibiya. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba sa kai shekara biyar, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai 187. Wato kusan ɗaya cikin biyar. Masu wabi suna nan a unguwanninmu, sun dai daina sa sunan ne.

Abin da kakanninmu suka gani gaskiya ne, fassararsa ce ta kuɓuce musu. Akwai cututtukan da ke bin 'ya'yan mace ɗaya a jere, kuma yau an san su. Babbar cikinsu sikila ce, wadda ake kira amosanin jini. Idan miji da mata duka AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar ciwon, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai ciwon. A lura, kowane ciki lissafinsa daban, don haka ana iya haifar uku a jere duk masu ciwon. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar, kuma an ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 da ciwon a kowace shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. A zamanin da babu asibiti, irin waɗannan yara zazzaɓin cizon sauro ko ƙarancin jini ke ɗauke su kafin su yi wayo. Gidan da auren zumunci ya yi yawa kuma, haɗuwar AS da AS ta fi sauƙi.

Akwai kuma saɓanin jini tsakanin uwa da ɗa, wanda likitoci ke kira Rhesus. Idan jinin uwa negatif ne, na jaririn kuma fozitif, ɗan fari yakan tsira lafiya, amma jikin uwar ya riga ya shirya yaƙi da irin wannan jini. Na biyu da na uku sai su zo da shawara mai tsanani, ko su mutu a ciki. Duk wanda ya san labarin wabi zai gane wannan tsari. Rigakafinsa allura ce da ake yi wa uwa cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa, amma sai an san rukunin jininta tukuna, wanda kuma awon ciki ne ke bayyana shi.

Gwaje-gwajen nan biyu, na sikila da na rukunin jini, ba su da nisa da mutumin Hayin Banki. Ana yin su a Babban Asibitin Kawo, ana yin su a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, wanda aka sa wa sunan likita na farko daga Arewacin Nijeriya. A Kano, gwamnati ta sa hannu a 2024 kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila, kuma a Kaduna ma limamai da waliyyai da dama sun fara neman takardar gwaji kafin su ɗaura. Inda aka fi samun cikas shi ne lokacin yin gwajin. Yawanci sai an kai kuɗin aure, an sa rana, an kai lefe, sannan a tuna da asibiti, a lokacin da janyewa ta zama abin kunya ga gida biyu. Gwajin da aka yi tun kafin manya su shiga magana shi ne wanda ake iya aiki da sakamakonsa.