Rahoton harhaɗa manhaja: mai surutu ko mai shiru?

Duk wanda ya taɓa harhaɗa manhaja daga tushenta a Linux ya ga layuka suna tsere a allo. Wannan shi ne rahoton harhaɗawa, kuma iri biyu ne. Mai shiru yakan rubuta CC da sunan fayil ya wuce, mai surutu kuwa sai ya zayyana cikakken umarnin da aka ba GCC da kowane zaɓi. Maganganu da dama na yawo a kansu a tsakanin masu koyon wannan sana'a, kuma ba duka ke da tushe ba.

Ana cewa mai shiru yana ɓoye kurakurai. Ba gaskiya ba ne. Gargaɗi da kuskure suna fitowa ko a yanayin shiru, har ma sun fi saurin faɗawa ido tunda babu tarin layuka da za su binne su. Don haka ne ma Automake ta kawo tsarin a sigarta ta 1.11 a 2009. Abin da shiru yake ɓoyewa shi ne zaɓuɓɓukan da aka yi aikin da su.

Ana kuma cewa surutu yana canza manhajar da za ta fito, ko ya ja aikin. Shi ma shaci-faɗi ne. V=1 a gaban make, ko VERBOSE=1 ga masu CMake, abin da ake nunawa kawai yake ƙarawa, kuma lokacin rubuta layi bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na harhaɗawar.

Batun cewa Debian ta haramta shiru, rabinsa gaskiya ne. Tun sigar 4.2.0 ta kundin ƙa'idojinta, a Agustan 2018, an ce ya kamata rahoton ya yi bayani gwargwadon iko, sannan aka bar wa mai son taƙaitawa alamar terse. Gentoo ta riga ta tun 2012 wajen kashe shirun Automake, Fedora ma tana kunna surutu a umarninta na make.

Dalilinsu a fili yake. Mai gina gida a Madarumfa da yake zaune a Yamai ba zai gamsu da magini ya ce masa "an gama" ba, sai ya ji buhun siminti nawa da ƙarfe nawa suka shiga. Injinan Debian suna harhaɗa ƙunshin manhaja ɗaya don na'urori daban-daban, irin su amd64 da arm64 da s390x, kuma mai kula da ƙunshin sau da yawa bai mallaki irinsu ba. In aiki ya tsaya, rahoton ne shaidarsa. Akwai ma manhajar blhc mai karanta shi don ta tabbatar an saka zaɓuɓɓukan kariya. In aka yi shiru, ba ta da abin dubawa. Rahotannin a buɗe suke a buildd.debian.org, ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi zai iya karanta su kyauta.

Masu tsoron tonon asiri suna da gaskiya: kalmar sirri da aka saka cikin umarni za ta fito a rahoto. Laifin na wanda ya saka ta ne.

Amma kada a ɗauka dogon rahoto tabbacin tsaro ne. Ƙofar bayan da aka dasa a manhajar xz ta hanyar rubutun harhaɗawa ta shiga, kuma wani mai suna Andres Freund ya gano ta a Maris 2024 ne saboda jinkirin da ya lura da shi a SSH.

Don haka a kwamfutarka yi shiru in ka ga dama. Ƙunshin da za ka raba wa jama'a kuwa, kunna masa V=1.