Andrew Carnegie: Ɗan Masaƙin da Ya Mallaki Ƙarfen Amurka

Talauci ne ya koro iyayen Andrew Carnegie daga garin Dunfermline na Sikotlan a 1848, bayan injina sun kashe wa mahaifinsa sana'ar saƙar hannu. Suka sauka a gefen birnin Pittsburgh na Amurka, yaron ya shiga masaƙar auduga a kan dala 1.20 a mako, daga nan ya koma kai saƙon tangarahu.

A 1853 Thomas Scott na kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania ya ɗauke shi aiki, kuma a nan idonsa ya buɗe. Shekara 12 ya yi a reluwe yana kallon yadda dogon da aka ƙera da ƙarfe gama-gari ke cinyewa da wuri, gadojin katako kuma wuta na lashe su. Kafin ya narka ƙarfe ko sau ɗaya, ya riga ya san masu saye da abin da ke damunsu.

Masana'antarsa ta ƙarfe da ke Braddock ta fara aiki a 1875 da dabarar Bessemer: a hura iska cikin narkakken ƙarfe, kamar zugazugin maƙeri, ta ƙone dattin da ke ciki, a samu tataccen ƙarfe mai ƙarko da araha. Ya raɗa mata sunan Edgar Thomson, shugaban kamfanin jirgin da ya baro. Wayo ke nan, tunda kamfanin babban mai sayen dogo ne.

Sai dai arahar nan akwai waɗanda suka biya ta da guminsu. Ma'aikata da yawa awa 12 suke yi a bakin wuta. A 1892 rikici ya ɓarke a masana'antarsa ta Homestead kan rage albashi. Manajan Carnegie, Henry Clay Frick, ya kawo masu gadin haya na kamfanin Pinkerton kusan 300, aka yi harbe-harbe, aka rasa rayuka, aka karya ƙungiyar ma'aikata. Carnegie yana Sikotlan a lokacin, bai tsawata ba.

A 1901 ya sayar wa attajiri J.P. Morgan kamfaninsa a kan dala miliyan 480, ya duƙufa wajen kyauta. Ya gina ɗakunan karatu sama da 2,500, kuma kafin rasuwarsa a 1919 ya rabar da kusan dala miliyan 350. Alheri ne babba, amma iyalan waɗanda suka mutu a Homestead ba littafi suka nema ba, albashi suka nema.