Keke a wuyan tantan: gangancin da ya zama ruwan dare a fadamun Haɗejiya

Duk wanda yake bin hanyoyin Auyo, Kafin Hausa da Haɗejiya da yamma a kwanakin girbin shinkafa ya san abin da zan yi magana a kai. Tantan ce za ka gani tana jan bodi shaƙe da buhunan shanshera, leburori sun yi sahu a saman lodi, wasu biyu sun ɗare madigadi, ɗaya a dama da direba ɗaya a hagu. Kekunan da suka zo gona da su da asuba kuwa ba wanda ya yi musu tanadin wuri. An jefa biyu ko uku a ƙololuwar buhuna, sauran an saƙale su a ƙarfen nan da ya haɗa tantan da bodi, an ɗan zagaya su da robar tsohon tif, shi ke nan an kama hanya. Wani lokaci ma har da yaro a tsaye a kan ƙarfen, hannu ɗaya a kan keken, ɗaya a jikin bodi, wai shi ne mai riƙewa.

Abin ya ƙaru tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Mutane da dama da suka saba zuwa gona a kan babur sun jingine shi sun kakkaɓe tsohon keke. Ga noman rani ya bunƙasa, musamman bayan gyaran da aka yi wa aikin ban-ruwa na kwarin Haɗejiya, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are take kula da shi. Leburori na fitowa daga ƙauyuka masu nisa, kuma mutumin da ya yini a sunkuye da lauje ba zai ƙi tayin hawa tantan ba in an tashi. Ba wanda zai ga laifinsa. Laifin yana wajen yadda ake ɗora keken.

Mu tsaya a wannan wuri na tsakanin tantan da bodi, don shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. In ana tafiya a miƙe, sai ka ga fili ne wadatacce, har mutum ya ce ai keke biyu ma za su zauna. To jira a zo kwana. Da zarar direba ya karya sitiyari, babbar tayar baya ta ɓangaren da aka juya sai ta matso kusa da goshin bodi, filin nan ya tsuke. Hanyoyin cikin fadama kuwa, na gefen magudanan ruwa, kusan duk kwanarsu a matse take. Tayar tantan tana da manyan haƙora. Feda ko kan keke ko silin roba da yake reto, duk wanda ta cafka ba ta saki, sai ta naɗe keken ta tura shi ƙarƙashin bodi. In da yaro a riƙe da shi, da shi za ta tafi. Direba yana duban gaba, ƙarar inji ta cika masa kunne, kafin ihun na sama ya kai gare shi tayar bodi ta riga ta wuce.

Akwai kuma abin da mutane ba sa lura da shi. A nan bayan tantan, sama kaɗan da inda ake maƙala bodi, akwai ɗan guntun ƙarfe mai juyawa wanda ake jona injina da shi. Yana juyi sau 540 a minti ɗaya a yawancin taraktoci. Ya kamata a ce a kashe yake kuma da murfinsa in ana tafiya, amma sau nawa ka ga murfin a tantan ɗin haya? In aka manta da shi a kunne, bakin igiya ko gefen riga ya ishe shi. A nan gefensa ne muke rataye keke muna tsayar da ɗan mutane.

Sai maganar ƙusar da take riƙe da bodin. Ta asali tana da kai mai faɗi a sama, da ƙaramin makulli a ƙasa da yake hana ta tsalle ta fita. Je ka duba abin da ake sakawa yau. Guntun rodi da aka lanƙwasa, ko wani tsohon noti da aka tsinta a gareji, ba makulli, ba sarƙar ko-ta-kwana da za ta riƙe bodi in ƙusa ta fice. Ga gargada, ga keke yana bugun ƙusar a kowane rami, kuma ya rufe ta yadda direba ba zai waiwaya ya ga halin da take ciki ba. Bodin da masu walda suke ƙerawa da yawansu ba su da birkin kansu. Ranar da ya rabu da tantan a kan gangara ko a bakin gada, ba abin da zai tsayar da shi sai abin da ya ci karo da shi.

Ita kuwa robar tif, ban san wanda ya ɗora mana yarda da ita haka ba. Tana da amfaninta, ta ɗaure ƙunshin ciyawa a kariyar keke, ta riƙe jarka. Amma roba miƙewa take yi, abin da aka ɗaure da ita yana numfashi, kowace girgiza sai ya ɗan motsa. Rana ta gasa ta, ta tsattsage, sannan a ɗora ta a kan kaifin ƙarfe. Irin kekunanmu na Raleigh da Phoenix ƙarfe ne zalla, nauyin ɗaya ya kusa kilo 20. In ya suɓuto daga saman lodi a kan kwalta da magariba, mai babur da yake biye a gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Yaushe ya gani, yaushe ya taka birki? Shi da bai hau tantan ba, bai ci kuɗin lodi ba, shi ne zai kwana a asibiti. Sai a taru a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma wanda ya ɗaure kilo 20 na ƙarfe da ruɓaɓɓiyar roba shi ya aika wa tsautsayin goron gayyata.

A Turai da Amurka, masu jan ɗakin kwana a bayan mota in za su yawon hutu su ma suna tafiya da kekuna, kuma wannan matsala ta sa an ƙera musu maratayi na musamman. Abin da masu ƙera tireloli suke nanata musu shi ne kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyi ya zauna gaban tayoyin tirela, domin nauyin da ya taru a wutsiya shi yake sa ta rawa har ta kifar da motar da ke janta. Mu ba mu da maratayin, amma ƙa'idar nauyi ɗaya ce a ko'ina. Masu tara kekuna da babur a can ƙarshen bodi, rabi a ciki rabi a waje, su ji wannan.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Tun wajen lodi za a bar wa kekuna gurbi a cikin bodi, ko da za a rage buhu biyu. A kwantar da su, kada a tsayar. A sassauta notin kan keke a juya shi ya daidaita da jikinsa, feda ta shige tsakanin buhuna, a sa buhun da ba komai a ciki tsakanin keke da keke don kada su ci juna. A ɗaure da igiya mai ƙwari, ta ratsa ta cikin gangar jikin keken, ba ta taya ko kariya ba, a kama ƙarfen bodi a wuri biyu aƙalla. Wanda ya ɗaure ya sa hannu ya jijjiga da ƙarfi. In keken ya motsa shi kaɗai ba tare da bodin ba, ɗaurin bai yi ba, a sake. Bakin igiyar da ya rage a naɗe shi a cusa. In an fito daga burji za a hau kwalta, a tsaya a sake dubawa, domin buhuna suna zama bayan an sha gargada, igiyar da ta yi tsauri a gona sai ka tarar ta saki. Tsakanin tantan da bodi kuwa a bar shi wayam, ba keke, ba jarka, ba mutum.

Kada a manta da tsayin lodi. Keken da aka ɗora a ƙololuwa kansa a sama yana iya kamo reshe ko wayar lantarki da ta yi ƙasa a mashigar gari, alhali mutane na zaune a gefensa. Bayan bodi kuma a manna masa abin nan mai ƙyalli ja, tunda yawanci ba danja. Tantan tafiyar hawainiya take yi in aka gwada da motocin da suke fitowa daga Kano a guje, kuma direban da bai hango ka da wuri ba a kanka zai tsaya.

'Yan a-kori-kura da ƙananan motocin haya masu zuwa cin kasuwar Gujungu ran Lahadi, ku ma da ku nake. But a buɗe, keke a saƙale a baya ya rufe lamba da fitila, roba ɗaya tal. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, suna da hurumin kama mai lodin ganganci, amma ba za su bi kowa cikin fadama ba, kuma bai kamata sai an ga mai kaki sannan a tuna da igiya ba.

Masu tantan, ku ne kuke ba yaranku makulli da safe kuna karɓar balas da yamma. Ku sayi ƙusa ta gaskiya da sarƙa da igiya ku ajiye a kowace tantan, ku gaya wa direba cewa duk ranar da aka ga keke ko yaro a wuyan bodi, a bakin aikinsa. Sarakunan noma da shugabannin ƙungiyoyin masu ban-ruwa su faɗe shi a wajen taro kafin girbi mai zuwa. Kai kuma mai keke, in an ce ba wuri sai a kan ƙarfen, ce musu ka gode, hau kekenka ka taka zuwa gida.